Taya Mai Cin Gashin Kanta: Mu Koye Ta Yanzu, Mu Jinkirta Sayenta

A hutun Babbar Sallar bara na je gida, wani ƙauye da ke gefen Sukuntuni a Ƙaramar Hukumar Kankiya. Bayan la'asar, kamar kullum idan na je, yara suka yi mini zobe a ƙofar gida, ba don kewata ba, sai don wayata ce mai data. Ɗan yayata, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, ya karɓe ta ya lalubo wani bidiyo da ya ce abokinsa ya taɓa nuna masa a Kusada.

"Kawu, don Allah dubi wannan," in ji shi. "Yaya aka yi take tafiya a kaikaice alhali fuskarta na kallon gaba?"

Wata na'ura ce mai kama da akwatin ƙarfe, tana gudu a kan kafet cikin wani makeken zaure cike da 'yan kallo. Ta miƙe gaba, nan take ta zame hagu ba tare da ta sha kwana ba, sannan ta kama juyi kamar katantanwa, amma duk da juyin tana bin miƙaƙƙen layi zuwa inda ta nufa. Sau uku na kalla. Aikin jarida na karanta a jami'a, rabona da lissafin kusurwa tun ina sakandare, saboda haka na ce masa ya ba ni lokaci. Kafin ya maido mini da wayar sai ya ƙara da wata: "Nawa ake sayar da ita? Ba za a iya sayo wa makarantarmu ba?"

Tambayar farko ta ci mini makonni ina karatu. Ta biyun ce ta fi damuna, domin na san wata rana wani mai riƙe da kasafin ilimi zai ga irin wannan bidiyo, shi ma abin ya burge shi, ya sa hannu a takardar kwangila. Ra'ayina shi ne kada a sayo tukuna. Amma a fara koyar da ita gobe da safe, domin abin da ya fi daraja a jikinta alli da allo sun ishe shi.

Inda abin ya fito

Bidiyon daga gasar FIRST yake, wadda wani injiniya Ba'amurke mai suna Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a 1989. An yi gasar farko a 1992 a zauren wasanni na wata sakandare a Manchester ta jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Yau dubban ƙungiyoyin ɗalibai ne ke shiga. Kowace shekara a watan Janairu ake bayyana sabon wasa, ɗalibai su sami 'yan makonni su ƙera mutum-mutumin da zai buga shi. Sunan mutum-mutumi yana ruɗarwa a nan, domin ba abin da ya haɗa shi da siffar ɗan Adam: keke ne mai nauyin kilo 50 da wani abu, mai hannun ɗaukar ƙwallo ko jefa ta. Uku ne ke karawa da uku a fili mai tsawon kimanin mita 16 da faɗin mita 8, na wajen minti biyu da rabi, kuma a daƙiƙun farko na'urar ce ke tuƙa kanta ba hannun kowa. A irin wannan matsatsi, wanda ya ɓata daƙiƙa biyu wajen juyawa ya bar maki a ƙasa.

Shi ya sa maganar ƙafa, wato yadda tayoyi ke ɗaukar na'urar, ta zama uwar kowace shawara.

Mu fara da abin da muka sani. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken shanu yana ƙoƙarin juyawa a lungu ya san matsalar. Tayoyinsa a kafe suke suna kallon gaba, sai shanun sun zagaya da shi. Mota ta ɗan fi shi dabara, tayoyin gaba suna karkata, amma ita ma sai ta yi gaba ko baya kafin ta sauya alƙibla, shi ya sa direba ke yin gaba da baya sau uku kafin ya shiga tsakanin motoci biyu a Kasuwar Kwari. Hanya ta biyu ita ce ta katafila da tankar yaƙi: gefen dama da gefen hagu kowanne ana sarrafa gudunsa daban. In suka yi gudu ɗaya a miƙe, in ɗaya ya fi ɗaya a karkata, in ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya a juya a wuri guda. Wannan tuƙin katafila shi ne ya mamaye gasar shekara da shekaru. Yana da sauƙi, yana da ƙarfin turi, ba ya yawan lalacewa. Abu ɗaya ya gagare shi: tafiya a kaikaice.

Akwai tayar Mecanum, wadda wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Bengt Ilon ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, mai ƙananan gangunan roba jere a karkace a bayanta. Tana tafiya gefe, sai dai riƙonta ga ƙasa ba shi da ƙarfi, abokin karawa na ture ta ba wahala.

Tsarin da ɗan yayata ya gani shi ake kira suwab. Ma'anarsa a taƙaice, kowace taya tana cin gashin kanta. Ka ɗauki tayar ƙasan kujerar ofis, wadda ke waiwayawa duk inda aka tura ta. To, ka ba ta injin lantarki guda biyu: ɗaya ya mirgina ta, ɗaya ya juya fuskarta duk inda aka ga dama, zagaye cikakke. Ka sa irinta huɗu a kusurwoyi huɗu. Injuna takwas ke nan kafin a zo maganar hannu ko wani abu. In duka huɗun suka kalli gabas, na'urar ta yi gabas ko da fuskarta na kallon arewa. In kowace ta kalli gefen da'ira, ta juya a wuri ɗaya. In aka haɗa biyun, sai ka ga abin da ya ɗaure mana kai a ƙofar gida.

Dabarar ƙirar da ta fi burge ni ita ce yadda aka raba tayar da igiyoyin wuta. Idan injin mirginawa yana manne da tayar yana juyawa tare da ita, wayoyinsa za su nannaɗe su tsinke, dole a taƙaita juyin. Sai masu ƙira suka kafe injunan biyu a sama ba sa motsi, suka zuro ƙarfin mirginawa ta wani sandan ƙarfe da ke bi ta tsakiyar inda tayar ke juyawa, a ƙasa kuma wasu giyoyi masu haƙora a karkace su karɓe shi su kwantar da shi zuwa ga tayar. Da haka taya za ta yi ta juyawa har gobe ba abin da ya harɗe. Tayar kanta ba ta wuce faɗin santimita 10 ba, giyoyin kan rage gudun injin kamar sau 6 zuwa 8, na'urar kuma ta riƙa cin mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya rage giya da yawa ya sami ƙarfin tashi da turi ya rasa gudu, wanda ya rage kaɗan ya sami gudu ya rasa ƙarfi. Duk direban tifa ya san wannan ciniki.

Lissafin kibiya

A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin hujjata a nan take.

Kowace taya tana buƙatar amsar tambaya biyu: ina zan kalla, kuma da wane gudu zan mirgina? Ana samun amsar da zana kibiya biyu. Kibiya ta farko ita ce ta tafiyar na'urar gaba ɗaya, tsawonta shi ne gudu, tsininta shi ne alƙibla, kuma iri ɗaya ce ga duka tayoyin. Ta biyu ita ce ta juyi, kuma kowace taya da tata, domin idan abu yana juyawa, gefensa na dama na yin gaba yayin da na hagu ke yin baya. Sai a ɗora gindin kibiya ta biyu a kan tsinin ta farko, a ja layi daga farko zuwa ƙarshe. Wannan layin shi ne umarnin tayar.

Ga misali da na lissafa da kaina. A ce tazarar tayoyin santimita 60 ce ta kowane gefe. Kowace taya ke nan tana nesa da tsakiya da kimanin santimita 42. A ce muna son na'urar ta yi gaba da gudun mita 2 a daƙiƙa, tana kuma juyawa hagu zagaye ɗaya cikin daƙiƙa biyu. Juyin kaɗai zai ba kowace taya gudun kusan mita 1.3 a daƙiƙa. Idan aka haɗa kibiyoyin, tayoyin dama za su mirgina da kimanin mita 3.1 a daƙiƙa suna karkace da digiri 18, na hagu kuma da mita 1.4 suna karkace da digiri 42. Ba abin da na yi amfani da shi sai ƙa'idar Pythagoras da ɗan lissafin kusurwa, waɗanda ke cikin manhajar da ɗan yayata zai zauna wa jarrabawar WAEC da NECO a kanta. Ya haddace su, amma ba wanda ya taɓa nuna masa abin da suke motsawa a duniya.

Wahalar ita ce waɗannan lambobi na ƙiftawar ido ne. Da na'urar ta ɗan juya, komai ya sauya, sai an sake lissafi. Kwamfutar da ke cikinta tana maimaita shi sau 50 a kowace daƙiƙa. Kuma don ta iya, sai ta san inda fuskarta ke kallo, aikin wata 'yar na'ura ke nan da ake kira jairo, irin wadda ke cikin wayarka tana gane ka juya ta. Da taimakon jairo ne matuƙi ke tura sandar sarrafawa gaba na'urar ta yi nesa da shi, ko ina fuskarta ta juya. Ba sai ya riƙa tunanin ina ne hagunta ina ne damanta ba.

Akwai wasu ƙananan hikimomi da suka sa na yi murmushi. Idan aka umarci taya ta juya digiri 170, ɓata lokaci ne. Gara ta juya digiri 10 ta ɗaya ɓangaren ta mirgina da baya, sakamakon ɗaya ne. Saboda haka taya mai hankali ba ta taɓa juya fiye da digiri 90. Idan lissafi ya nemi wata taya ta yi gudun da ya fi ƙarfin injinta, ba ita kaɗai za a rage wa ba, sai a rage wa duka huɗun da mizani ɗaya, in ba haka ba na'urar ta kauce hanya. Idan kuma abokin karawa ya zo ture ka, sai tayoyin huɗu su kalli tsakiya su yi gicciye, na'urar ta kafe kamar jakin da ya ƙi tafiya.

Dukan wannan ana iya koyar da shi a aji marar wutar lantarki. Ana iya zana shi a ƙasa da tsinke.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Bidiyo ba ya nuna daren da taya ɗaya ta ƙi jituwa da sauran. Kowace ƙafa tana da ma'aunin kusurwa da ke gaya wa kwamfuta inda tayar ke kallo, kuma sai an daidaita sifirinsa da hannu. In ya kauce da 'yan digiri kaɗan, wannan tayar za ta riƙa jan nata ɓangaren, roba na cinyewa, inji na zafi, na'urar na tafiya kamar mai ɗingishi. Injuna takwas kuma duk daga batir ɗaya mai bolt 12 suke sha. In suka yunƙura lokaci guda ƙarfinsa ya faɗi zuwa wajen bolt 7, kwamfutar kan yanke wa injunan wuta don ta ceci kanta, na'urar ta sandare a tsakiyar fili. Dole a sa wa kowane inji iyakar abin da zai ja. Ga giyoyi da boris da bel, komai sau huɗu, kuma ƙafa ɗaya in ta mutu ta zama birki ga sauran ukun. A tuƙin katafila inji ɗaya kan mutu a ƙarasa wasa da sauran.

Sannan an ƙera waɗannan ƙafafu ne don shimfiɗaɗɗen kafet a zaure mai sanyi. Giyoyinsu a buɗe suke da man giris a jiki. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin da aka kulle a Kankiya ya san abin da giris da rairayi ke zama idan sun haɗu.

Tarihin abin ma yana da darasi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake ganin irin wannan tuƙi a gasar, amma kusan shekara ashirin ƙungiyoyi ƙalilan ne ke iya shi, masu injiniyoyi a bayansu da injunan sassaƙa ƙarfe a hannunsu. Ƙungiya mai lamba 16 daga Mountain Home a jihar Arkansas ta yi suna da shi, tana cikin waɗanda suka ci kofin duniya a 2012. Ƙungiya ta 1323 daga Madera ta Kalifoniya ta ci da shi a 2019. Abin da ya buɗe wa kowa ƙofa abubuwa ne da suka zo kusan tare. An halatta injunan lantarki marasa burushi, ƙanana masu ƙarfi, irin su NEO a 2019 da Falcon 500 a 2020. Kamfanoni irin su Swerve Drive Specialties da REV da West Coast Products suka fara sayar da ƙafar a haɗe, sai dai ka ɗaura. Taskar manhajar WPILib, wadda kowace ƙungiya ke amfani da ita kyauta, ta zo da lissafin kibiyoyin a shirye a 2020. Cikin 'yan shekaru abin da yake gagara-badau ya zama ruwan dare a manyan ƙungiyoyi.

Amma ga abin da na fi so a lura da shi. Ƙungiya ta 254 daga San Jose, wadda da wuya a sami wadda ta fi ta suna a gasar, ta ci kofin duniya a 2011 da 2014 da 2017 da 2018, duk da tuƙin katafila. Sai a 2022 ta koma suwab, ta kuma sake ci. Kofi huɗu ta ɗauka da ƙafa mai sauƙi a lokacin da wasu ke fama da mai wuya. Abin da take da shi malamai ne da ba sa tashi, da wurin aiki, da matuƙan da suka sha atisaye, da kayan gyara a kan kanta. Da ta ga ƙafar ta nuna, ta ɗauka, kuma ta zauna mata daidai saboda akwai ginshiƙin da za ta hau.

A wajen gasa ma haka ne. Dubban na'urorin da ke jigilar kaya a rumbunan Amazon, waɗanda asalinsu na kamfanin Kiva ne da ta saya a 2012, tayoyi biyu ne ke tuƙa su a tsarin katafila. Motocin binciken duniyar Mars kuwa, Curiosity da ta sauka a 2012 da Perseverance a 2021, tayoyi shida gare su kowace da injinta, huɗun kusurwa suna da injin karkatawa, dangin suwab ke nan na nesa. Kowa ya zaɓi ƙafar da ta dace da ƙasar da zai taka.

Mu fa?

Ƙafafu huɗu da injunansu takwas da na'urorin sarrafa su sun haura dala dubu biyu kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Miliyoyin naira ke nan, kuma ba a sayi batir ko kwamfuta ko ƙarfen jiki ba. Ranar da giya ɗaya ta karye, ba a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a same ta ba, ba kuma a Fantekar Kaduna ba. Sai an yi oda daga Amurka an jira makonni. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Na taɓa zuwa ɗaukar rahoto a wata makaranta da aka ba kyautar kwamfutoci. An yi biki, an yanka kyalle, an ɗauki hoto. Da na koma bayan shekara biyu, ɗakin a kulle yake, mabuɗi na aljihun shugaban makaranta, rabin kwamfutocin ba a ko fitar da su daga kwali ba. Ba mugunta ce ta sa ya kulle ba. Ba wuta, ba malamin da aka horar, kuma ya san in ɗaya ta lalace shi za a tuhuma. Ina tsoron ranar da za a ƙara akwatin ƙafafun suwab a kan waɗancan kwalaye. Makarantun kimiyya na jiharmu sun sha wuya a 'yan shekarun nan, musamman tun sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 da rufe makarantun kwana da ya biyo baya. Ɗan abin da ake ware musu bai kai a yi ado da shi ba.

Hasali ma gasannin da yaranmu za su iya kaiwa ba sa neman wannan ƙafa. Gasar FIRST LEGO League, wadda gidauniyar Coderina ke shiryawa a Najeriya, da ƙananan tubalan roba ake yin ta, kuma kusan kowa tayoyi biyu yake tuƙawa. Gasar FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington a 2017 kuma Najeriya ke halarta, kowace ƙasa akwatin kaya iri ɗaya ake aika mata, daga Jamus har Gambiya. Akwai kuma gasar Afirka ta PARC da Dakta Sidy Ndao ya kafa a Senegal. A duk waɗannan, wanda ya fi fahimtar abin da ke hannunsa shi ke gaba.

Na san abin da za a ce mini, domin wani abokina injiniya ya riga ya faɗa mini a fuska. Ya ce kullum haka muke, ana ce wa ɗan Arewa ya tsaya a kan mai sauƙi, ya bar mai wuya ga 'ya'yan wasu. Ya ce da Jelani Aliyu ya tsaya a kan abin da ke Sakkwato kaɗai, da bai zana motar Chevrolet Volt ba. Ya ce yaro sai ya taɓa abu mai kyau da hannunsa kafin ya yarda cewa shi ma zai iya. Maganarsa tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Akwai ƙasƙantar da kai da ke ɓuya a cikin rigar "mu bi a hankali", na sha ganinta.

Sai dai ina ganin mun saɓa ne a kan wane ne mai wuyar. Ɗaura ƙafar da aka sayo a haɗe, a sauko da manhajar da wani ya rubuta, aikin sukudireba ne na 'yan kwanaki. A Amurka ma malaman ƙungiyoyi suna muhawara a kan ko ɗaliban da suka sayi ƙafa a shirye sun san abin da ke cikinta. Mai wuyar shi ne yaro ya zauna ya fitar da digiri 18 da digiri 42 da kansa, ya gane dalilin da ya sa na dama suka fi na hagu gudu. Mai wuyar shi ne ya ƙera abin da ke tafiya daga kayan da ke kasuwar garinsu, ya lalace, ya gano dalili. Wannan nake nema wa ɗan yayata, kuma ya fi abin da abokina ke nema masa tsauri.

Da za a ba ni kuɗin ƙafafu huɗun nan a ce in kashe wa makaranta ɗaya a Kankiya ko Kusada, da malamin lissafi ko na fiziks zan fara, a ƙara masa alawus na yamma biyu a mako, a kuma yi yarjejeniya da mai walda ɗaya da bakanike ɗaya na garin su riƙa karɓar yaran. Injin goge gilashin mota, wanda ke jibge a wurin masu kayan gwangwan, da bolt 12 yake aiki, yana da giyarsa a ciki, yana da ƙarfin jan abu mai nauyi. Biyu daga cikinsa, da batirin babur, da sarƙar keke, da boris, da ɗan allon Arduino, da faifan sola ɗaya na caji, sun isa a yi na'ura mai tuƙin katafila. Kuɗin ƙafafun suwab huɗu zai yi irinta da yawa, yara su kasu rukuni-rukuni su kara da juna a filin makaranta. Yaran da suka tashi suna ƙera motar kara da ta langa-langa, har da sitiyarin waya mai karkata tayoyin gaba, ba baƙi ba ne a wannan fage. Ba a taɓa ce musu abin da suke yi yana da suna a jami'a ba ne kawai.

Suwab kuwa a kai shi inda ya dace da shi a yanzu. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Jami'ar Bayero tana da sashen mekatironiks, ga kuma cibiyar NCAIR da aka buɗe a Abuja a 2020 don ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi. Ɗalibin shekarar ƙarshe ya ɗauki ƙera ƙafa ɗaya tak a matsayin aikin kammala karatu, da giyoyin da za a iya yankawa a Kano ko Kaduna, a rufe ta yadda ƙura ba za ta shiga ba. Zane-zanen irin waɗannan ƙafafu da yawa suna nan a intanet kyauta, ƙungiyoyin da suka ƙera su ne suka saki. In ƙafa ɗaya ta yi aiki, na bayansa ya yi huɗu. Ranar da makarantar sakandare za ta karɓi suwab, ya zamana wanda zai gyara shi yana da nisan kuɗin mota ɗaya, kuma yana jin Hausa. Ƙafar da ke jure rairayi ma tana iya samun aikin da ya wuce gasa, a rumbunan hatsi da ɗakunan ajiya masu matsatsi, inda juyawa ke da wuya.

Da na koma gida bayan girbi, na zauna da ɗan yayata a ƙofar gida na zana masa murabba'i a ƙasa da kibiyoyi biyu a kowace kusurwa. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya karɓi tsinken ya gyara mini kibiyar tayar baya ta hagu, wadda na karkatar ta ɓangaren da ba daidai ba. Na sayo masa injin goge gilashi guda biyu a Kano, wani mai walda da ke bakin hanya ya haɗa masa firam bayan ya gama dariyarsa. Makon jiya ya kira ni.

"Kawu, tana tafiya. Amma ko na ba su wuta daidai, sai ta riƙa jan hagu."

Na tambaye shi me yake zato. Ya ce ko dai injin ɗaya ya fi ɗaya tsufa, ko kuma don an juya na hagun yana aiki da baya ne, ya lura ba ya gudu ɗaya ta ɓangarorin biyu. Ya ce zai ɗaga ta a kan bulo ya shafa alli a kowace taya, ya ƙirga zagayen da kowace ke yi a minti ɗaya, amma sai ranar Asabar, domin batirin na babur ɗin babansa ne kuma ana zuwa kasuwa da shi.